Daga Dodon Bango Zuwa The Matrix: Tarihin Gardamar Ido da Hoto

A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar gina dandalin shirya fina-finai a garin Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji, aikin da aka ce zai ci naira biliyan 3. An tsara masa wurin horar da masu ɗaukar hoto, da zauren kallo, da masaukin baƙi. Sanarwar ba ta daɗe da fita ba malamai suka hau mumbari suna suka, muhawara ta ɓarke a rediyo da Facebook, kuma kafin watan Yuli ya ƙare fadar Shugaba Muhammadu Buhari ta janye aikin. Masu goyon baya sun ce an toshe wa matasa hanyar abinci. Masu adawa sun ce an kare tarbiyya.

Ɓangarorin biyu sun yi tarayya a kan abu guda: hoto mai motsi yana da ƙarfin sauya mutum. Saɓaninsu a kan wanda zai riƙe wannan ƙarfi ne. Wannan tambaya ta girmi Kannywood da shekaru masu yawa, kuma ita ce ta rikita masu kallo a Amurka da Masar lokacin da fim ɗin The Matrix ya fito.

Hoto mai motsi ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce majigi, wato motar gwamnati mai ɗauke da injin wuta da farin allo, wadda ke zagaya garuruwa tana nuna fim kyauta a fili bayan faɗuwar rana, galibi a ƙofar fadar hakimi. Ana nuna tsabtar gida, da rigakafi, da noman auduga da gyaɗa, mai sharhi kuma yana bayani da Hausa. Fim ɗin Baban Larai, wanda dattawa ke tunawa har yau, ɗan wannan zamanin ne. Jagoran wannan tsari shi ne William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Legas, wanda ya shugabanci sashen fina-finan mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939.

Sellers da abokan aikinsa suna da ra'ayi mai tsauri game da masu kallonsu. A ganinsu mutumin ƙauye ba ya iya karanta hoto, don haka dole a tafiyar da fim a hankali, kada a riƙa yanka daga wannan wuri zuwa wancan, kada a matso da kyamara kusa da abu har ya cika allo. Suna yawan ba da labarin wasu masu kallo da aka nuna wa fim kan tsabta, da aka tambaye su me suka gani suka ce kaza, domin wata kaza ta gifta ta gefen allo na ɗan lokaci. Masanin sadarwa Marshall McLuhan ya sake yaɗa labarin a littafinsa na 1962, ya shiga azuzuwan jami'o'i a matsayin hujja. Masana tarihi na baya sun nuna rauninsa. Mutumin da ya hango kazar da mai ɗaukar hoton kansa bai lura da ita ba, ido ne da shi mai kaifi. Idan kuwa bai ce komai kan darasin tsabtar ba, mai yiwuwa darasin ne bai ja hankalinsa ba.

Ƙofa ta biyu ita ce gidan silima na kuɗi. 'Yan kasuwa Kwarori suka buɗe Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa. Ɗaya daga cikin sunayen da Hausawa suka fara kiran wannan baƙon abu da shi shi ne dodon bango. Sunan yana ɗauke da fargaba, yana kuma ɗauke da fahimta: abu ne da ke motsi yana magana alhali ba shi da rai. Malamai suka ɗauki zancen da muhimmanci, suna tambaya ko inuwar da haske ke jefawa a bango tana cikin hukuncin surar da aka hana, da kuma wane irin wuri ne wanda ke tara jama'a cikin duhu. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu. Hukuma ta yi bincikenta, amma gari ya riga ya yanke nasa hukuncin: jita-jita ta bazu cewa azaba ce ta sauka saboda abin da ake haskawa. Da aka zo buɗe silimar Palace a Jakara, cikin birni, a farkon shekarun 1950, sai da matasa suka yi bore. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya tattara wannan tarihi a littafinsa na 2008.

Idan aka jera ra'ayoyin biyu, na Bature da na malami, za a ga bambanci mai muhimmanci. Bature yana tsoron kada mai kallo ya kasa gane hoto. Malami yana tsoron kada mai kallo ya gane shi har ya so shi fiye da rayuwarsa ta zahiri. Shekarun da suka biyo baya sun nuna wanda ya fi kusa da gaskiya a kan ƙarfin allo. Fina-finan Indiya suka mamaye silimomin Arewa, mutane suka haddace waƙoƙin harshen da ba su ji, suna bin labari mai sarƙaƙiya na awa uku ba tare da mai sharhi ba. Fina-finan faɗa na Sin suka biyo baya. A 1990 aka fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, kuma a 1999 mujallar Tauraruwa ta laƙaba wa masana'antar sunan Kannywood.

A wannan shekara ta 1999, ranar 31 ga Maris, aka saki The Matrix a Amurka. Labarin wani ma'aikacin kwamfuta ne mai suna Neo, wanda ya gano cewa duniyar da yake ciki, da titunanta da ofisoshinta da abincinta, shiri ne na kwamfuta da ake zuba wa ƙwaƙwalwar mutane. Jikinsu na gaskiya yana kwance cikin wasu kwantena, na'urori suna tatsar ƙarfinsa. Aka miƙa masa ƙwayoyi biyu: shuɗiya ta mayar da shi barcinsa mai daɗi, ja ta farkar da shi ga gaskiya mai ɗaci. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 460 a duniya, ya kuma ci kyautar Oscar huɗu.

Ba shi kaɗai ya zo da wannan tunani a shekarar ba. Cikin makonni kaɗan aka saki eXistenZ na David Cronenberg da The Thirteenth Floor, dukkansu kan duniyar da na'ura ke ƙerawa. Na farko ya sami yabo a bikin fina-finai na Balin, amma ba wanda ya ja jama'a a cikinsu. The Matrix ya yi nasara domin ya naɗe falsafarsa cikin faɗa: masu shirya shi sun ɗauko Yuen Woo-ping daga Hong Kong ya tsara dambe da tsalle-tsallen. Saboda haka masu kallo suka rabu kashi biyu. Wasu sun fito suna zancen yadda jarumin ke kauce wa harsashi, wasu sun fito suna tambayar ko teburin da ke gabansu na gaskiya ne. Fina-finan Amurka na wancan lokaci suna isowa Kano ta kaset da faifan CD ba tare da fassara ba, don haka wanda bai ji Turanci ba faɗan ne rabonsa. Bai bambanta da ɗimbin masu kallo a Amurka ba, waɗanda suka ji kowace kalma amma faɗan suka tafi da shi.

Martanin kashi na biyu ya yi rassa. Jami'o'i suka shigar da fim ɗin cikin darussan falsafa, suna haɗa shi da misalin kogo na Aflatun, inda fursunoni ke ɗaukar inuwar bango a matsayin gaskiya. Masanin Faransa Jean Baudrillard, wanda aka nuna littafinsa a hannun Neo, ya ce masu fim ɗin ba su fahimce shi ba. A 2003 Nick Bostrom na Jami'ar Oxford ya wallafa maƙala yana auna yiwuwar cewa mutane na rayuwa ne cikin shirin kwamfuta, kuma masana suka yi ta muhawara a kai. A jihar Ohayo wata mata da ta harbe mai gidan hayarta a 2002 ta shaida wa 'yan sanda cewa ta ɗauka tana cikin duniyar fim ɗin, kotu kuma ta karɓi hujjar taɓin hankali. Daga baya wasu ƙungiyoyin intanet a Amurka suka ari jar ƙwayar ta zama taken siyasarsu, kowa yana iƙirarin shi ne farkakke, sauran jama'a na barci. Ruɗewar da Sellers ya jingina wa mutanen ƙauyen Afirka ta bayyana a tsakiyar ƙasar da ta ƙera fim ɗin.

A Masar kuwa martanin ya yi kama da na Kano. A watan Yuni na 2003 hukumar tace fina-finai ta ƙasar ta hana nuna kashi na biyu, The Matrix Reloaded. Ta yaba da fasaharsa, amma ta ce yana taɓa batun halitta da samuwa, waɗanda ke da alaƙa da addinan da aka saukar, ta kuma ambaci yawan tashin hankali a cikinsa. Shekara biyu kafin haka, a 2001, Jihar Kano ta kafa tata hukumar tace fina-finai. Hujjar hukumomin biyu ɗaya ce da ta malaman zamanin Palace: hoto yana koyar da aƙida ko da ya zo da sunan nishaɗi.

Tambayar da fim ɗin ya yi ba baƙuwa ba ce a zauren karatun Hausawa. Imam Gazali, wanda ake karanta littattafansa a Kano da Zariya da Sakkwato, ya ba da labarin yadda ya taɓa shakkar gabban jinsa. Ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take yi, yana ganin tauraro ƙarami alhali lissafi ya nuna girmansa. Mai barci kuma ba ya shakkar mafarkinsa sai ya farka. Waƙoƙin wa'azi na Hausa cike suke da siffanta duniya a matsayin mai ruɗi. Bambancin yana wurin mafita. A wurin Gazali farkawa tana zuwa ne da hasken da Allah ke jefawa a zuciya, a wurin Neo kuwa ƙwaya ce da bindiga. Wannan ya sa mai ilimin addini zai iya gane tambayar nan take, ya kuma ƙi amsar.

Bahaushe yana cewa gani ya kori ji. Karin maganar ya ginu ne a kan duniyar da ido ke shaida abin da ya faru a gabansa. Majigi ya fara girgiza wannan tabbaci, amma majigi yana da mota, da allo, da lokacin tashi. Kowa ya san inda hoto ya ƙare. A watan Oktoba na 2021 kamfanin Facebook ya sauya suna zuwa Meta, yana alkawarin duniyar da za a shiga ta tabarau. Wannan tabarau bai yaɗu ba tukuna, amma wayar hannu ta riga ta yi rabin aikin. A yau manhajoji na iya ƙera bidiyon malami ko ɗan siyasa yana faɗin abin da bai taɓa faɗi ba, da muryarsa da fuskarsa, kuma bidiyon zai isa Tudun Wada da Doguwa ta WhatsApp kafin a ƙaryata shi.

Hukumar tace fina-finai na iya duba faifai, ta rufe gidan kallo, ta janye lasisi. Ba ta da ƙofar da za ta tsaya a kai ta tare irin wannan bidiyo. Abin da ya rage shi ne mai kallo da kansa, da kuma mutanen da suka san yadda ake ɗinka hoto har su iya gane ɗinkin ƙarya. Irin waɗannan mutane a makarantar fim ake horar da su. Muhawarar Kofa ta ƙare a kan ko a gina ko kada a gina, ba ta kai ga tambayar me za a koyar a ciki da kuma wa zai koyar ba. Malaman da suka yi suka da 'yan fim ɗin da suka yi kuka duka suna da fuska da murya da za a iya kwaikwaya a yau, kuma tambayar tana nan tana jiransu.