Daga Kyauta Zuwa Jinga: Tarihin Ladan Makaɗi a Ƙasar Daura da Halin da Mai DJ Yake Ciki

Gabatarwa

An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan makaɗan Hausa, a kan salonsu da azancinsu da kayan kiɗansu, to amma kaɗan ne daga cikin manazarta suka tsaya suka tambayi wani abu wanda shi makaɗin ya fi damuwa da shi, watau idan an tashi daga wasa, mene ne yake tabbatar masa cewa za a sallame shi? Wannan ita ce tambayar da muke so mu bi diddiginta a wannan maƙala, kuma mun ɗauki ƙasar Daura a matsayin fagen nazari, musamman yankin Mai'adua da ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar.

Abin da ya jawo hankalinmu kuwa shi ne wani ɗalibinmu, ɗan Mai'adua, wanda yake sana'ar DJ a ƙarshen mako domin ya riƙe kansa a makaranta. An gayyace shi biki a wani ƙauye, ya ɗauki hayar mota, ya sayi man janareta da kuɗinsa, ya kafa kaya tun da hantsi. Kafin la'asar sai saɓani ya tashi tsakanin abokan ango da dattawan gari, aka ce a kashe kiɗa. Uban biki ya ce tun da ba a yi wasa ba, ai babu zancen biya. Yaro ya dawo da bashin mai mota da lasifika ɗaya a fashe. Da muka tambaye shi ko wa ya shaidi cinikin, sai ya ce a waya aka yi magana. Da a ce kakansa mai kalangu aka yi wa haka, da wuya uban bikin nan ya kwana lafiya, ko da yake shi ma kakan bai taɓa riƙe takarda ba. Dalilin wannan bambanci shi ne jigon maganarmu.

Makaɗin dauri da garkuwarsa

Makaɗin fada ba ya jinga, kuma da za a ce masa ya faɗi kuɗin waƙarsa, da ya ɗauke shi cin fuska. Masu tambura da masu kakaki da algaita da sauran makaɗan sarauta barorin sarki ne; shi ke ciyar da su, ya tufatar da su, ya ba su muhalli da gona da abin hawa, su kuwa su riƙe masa take da kirari da tarihin kakanni. M. G. Smith, wanda ya yi nazarin roƙo a maƙalarsa ta 1957, sa'an nan ya wallafa littafinsa a kan sha'anin mulkin Daura a 1978, ya nuna yadda barantaka take zaman ginshiƙin mu'amala tsakanin babba da ƙarami a ƙasar Hausa. Wannan dangantaka ba ta mutu da zuwan Turawa ba. Ko Alhaji Mamman Shata, wanda bai taɓa zama makaɗin fada irin na gado ba, ya sami uban ɗaki a wajen Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, kuma da Shata ya rasu a 1999 a Daura aka yi masa makwanci, alhali shi mutumin Musawa ne. Babu takardar da za ta iya ɗaukar alkawari mai nisan wannan.

Makaɗan jama'a su ma suna da nasu madogara, domin kusan kowace sana'a da kiɗanta: mahauta da kalangu, manoma da gangar noma, maƙera da dundufa. A gari mai kasuwa irin Mai'adua, inda ake cika ran Lahadi da dabbobi daga ɓangarorin iyaka biyu, mai kalangun mahauta ya san rabonsa na nama tun kafin a feɗe sa. Ba ciniki aka yi ba, al'ada ce ta yanke.

To amma babbar garkuwar makaɗi ita ce harshensa. Bakin da yake yabo shi ne kuma yake habaici, in ta ƙure ya yi zambo, kuma kowane mai gida ya san cewa waƙar da aka yi wa marowaci ta fi ta mai kyauta saurin yaɗuwa. Smith ya lura da wannan sosai a wajen maroƙi mai yawo shi kaɗai, wanda yakan fara da wasa mutum, in ya ga shiru sai ya juya harshe. Muna iya cewa wannan tilastawa ce, kuma lalle akwai waɗanda suka mayar da ita hanyar ƙwace, amma dai ita ce kotun makaɗi. Daɗin daɗawa, ba a ɓoye ake biyansa ba. A tsakiyar fage ake yi, sanƙira yana shelar wane ɗan wane ya ba da kaza, ta yadda wanda bai bayar ba shi ma an ji shi. Bayan wannan kuma ga sarkin makaɗa, wanda baƙon makaɗi yakan fara kai wa gaisuwa, kuma shi ake kai wa ƙara idan rabo ya kawo gardama.

Akwai dalilin da ya sa duk waɗannan hanyoyi suka tsaya a wajen zauren alƙali. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa shagaltuwa da kaɗe-kaɗe cikin halayen sarakunan da ya yi wa jihadi daga 1804. Haka kuma Muhtasar na Halilu, wanda alƙalanmu suka dogara da shi, ya sa hayar kayan kiɗa domin biki cikin abubuwan da aka karhanta. Saboda haka maƙeri ko magini yana iya kai ƙarar ladansa kansa a ɗage, makaɗi kuwa ya gwammace ya nemi haƙƙinsa a fage.

Zuwan na'ura da zuwan takarda

Faifan garmaho, da Rediyon Kaduna wanda aka buɗe a 1962, da kaset da ya biyo baya, sun yi wani abu da ba a taɓa gani ba, watau sun raba muryar makaɗi da jikinsa. Waƙa tana tashi a gidan biki alhali mai ita yana can wani gari bai sani ba, balle a yi masa kari. A nan ne takarda ta fara shiga sha'anin kiɗa, kuma ya kamata mu lura da hannun da ya shigo da ita. Kamfani ne ya rubuta, makaɗi ya sa hannu.

Shari'ar da ta fi fito da wannan fili a Nijeriya ba a ƙasar Hausa aka yi ta ba, a Ikko ne, amma darasinta ya shafe mu. Sunny Ade ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da kamfanin African Songs na Cif Bolarinwa Abioro. Da ya ga faya-fayansa suna ciniki, kasonsa kuwa bai taka kara ya karya ba, sai ya nemi ƙari, aka hana, ya kafa nasa kamfani a 1974, aka maka shi kotu da takardar da shi da kansa ya sa wa hannu. Rigimar ainihin faya-fayan da aka ɗauki waƙoƙin a kansu ba ta kai ga hukuncin diyya ba sai a 2015, sa'ad da Babbar Kotun Tarayya a Ikko ta yanke a biya shi naira miliyan 500. Shekara arba'in ke nan. Duk mai cewa takarda kawai ita ce maganin matsalar mai DJ, ya kamata ya tuna cewa takarda tana kare wanda ya tsara ta ne tukuna.

Dokokin haƙƙin mallaka, tun daga ta 1988 har zuwa ta 2022 wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, suna magana ne a kan mai waƙa da mai faifai. Wanda ya ɗauko lasifika ya kunna waƙar a gidan biki, a idon waɗannan dokoki, ya fi kusa da wanda ake bi bashi a kan wanda yake bi.

Magajin fage wanda bai gaji garkuwa ba

Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, sana'ar finafinan Hausa ta haifar da waƙoƙin fiyano da ake haɗawa a situdiyo, har ta kai amarya ana yi mata waƙarta ta kanta da sunayen danginta. Waƙar da aka riga aka naɗa ba ta bukatar 'yan amshi, mai kunna ta kawai take bukata. Ta haka mai DJ ya gaji filin da a da na masu kalangu ne da masu kiɗan ƙwarya.

Idan muka auna shi da ma'aunin da muka shimfiɗa a baya, sai mu ga ya gaji fage amma bai gaji komai daga abin da yake tsare mai fage ba. Ba shi da uban ɗaki, domin yau yana gidan wane, gobe yana gidan abokin gabarsa. Ba shi da harshe, domin muryar wani yake kunnawa, kuma ba a zambo da waƙar aro. Ba shi da sarki. Liƙi kuwa, in an yi, amarya da ƙawayenta ake yi wa, kuma ko shi ɗin ma sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta shi, da hukuncin ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 ko duka biyu, an kuma ga hukumar EFCC ta gurfanar da mutane a kansa a 2024. A ɗaya gefen kuma, ya ɗauki nauyin da kakansa bai sani ba. Mai kalangu yana rataya jarinsa a kafaɗa. In ganga ta fashe, fatar akuya ce. Mai DJ yana tafe da janareta da lasifikoki da kwamfuta, sau da yawa na haya ko na bashi, kuma tun kafin ya kunna waƙa ɗaya ya riga ya kashe kuɗin mota da na fetur, wanda farashinsa ya yi tashin gwauron zabo bayan janye tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023.

Mai'adua tana da nata ƙarin. Dangi ɗaya ne a ɓangarorin iyaka biyu, kuma biki ba ya tambayar fasfo, saboda haka ana kiran mai DJ ya ƙetare ta Kongolam zuwa garuruwan hanyar Matamaye. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli na 2023 har zuwa Maris na 2024. Wanda ya karɓi aiki a tsallake, in hanya ta toshe, wa zai ɗauki asara? In kuma an yi magana da sefa aka zo biya da naira, da canjin wace rana za a yi lissafi? Ga kuma batun izini. Tun da jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kuma hukumomin Hisba a jihohin Arewa suka riƙa sa ƙa'idoji a kan cakuɗuwar maza da mata da kiɗan dare, tsayar da wasa a tsakiya ya zama abin da kowane mai wannan sana'a ya san yana iya faruwa. Ba hurumin wannan maƙala ba ne ta yi hukunci a kan waɗannan ƙa'idoji. Abin da muke cewa shi ne, uban biki shi ya san garinsa, shi ya kamata ya nemi izini, kuma shi ya kamata ya ɗauki nauyi idan bai nema ba.

A ganinmu ba sai an aro wata baƙuwar dabara ba, domin Bahaushe yana da jinga, yana da kafin alƙalami, yana da shaidu. Wanda ya sayi sa a karar Mai'adua ba ya jan igiya sai da dillali da shaida, kuma babu mai cewa wannan rashin yarda ne. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umurni da rubuta bashi da kafa masa shaidu, kuma cikon kuɗin da aka ce sai an tashi za a bayar bashi ne. Abin da ya rage shi ne a mayar da wannan rabin shafi da Hausa, ko da boko ko da ajami, a faɗi kuɗi da irin kuɗin, da abin da za a bayar tun farko wanda ba ya komawa in uban biki ne ya fasa, da wanda zai sayi mai, da lokacin farawa da na tashi, da wanda zai biya in 'yan biki suka lalata kaya. Kada kuma takardar ta zama ta gefe ɗaya, don kada mu maimaita abin da kamfanoni suka yi. Shi ma mai DJ a ɗaure shi da zuwa a kan lokaci, da barin waƙoƙin batsa, da kashe kaya a lokacin salla. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne zai sa mai unguwa ya yarda ya zama shaida, kuma shaidar mai unguwa ta fi hatimin lauyan da ke Katsina amfani a ƙauye.

Muna kuma ba da shawarar a rubuta ta a matsayin hayar kayan sauti da ladan mai kula da su, domin gaskiyar aikin ke nan: lasifikar da ta yi kamu ran Juma'a ita ce take yin walimar sauka ran Asabar, ta yi taron siyasa ran Litinin. Malaman fiƙihu da ke wannan zaure su ne za su duba mana ko wannan siga ta fitar da ita daga karhancin da Halilu ya ambata. Amma mutum ɗaya ba zai iya ɗora wa gari sabuwar al'ada ba, domin in ya fito da takarda za a kira na gaba da shi. Sai masu sana'ar na Mai'adua da Zango da Sandamu da Ɓaure da cikin Daura sun haɗa kai a kan siga guda, watau su naɗa wa kansu abin da zai tsaya a gurbin sarkin makaɗa.

Shi dai ɗalibin namu ya gwada. Ya yago takarda daga littafin darasinsa ya rubuta layi bakwai. Uban biki na farko da ya nuna wa ya ce shi ba a taɓa yi masa haka ba, ya nemi wani. Na biyu ya karanta, ya ce a ƙara cewa ba za a wuce ƙarfe goma na dare ba, sa'an nan ya aika a kira mai unguwa.