Tabkin Tabalak da Baƙin da ke Ketare Sahara

Kafin wani Bature ya zo ƙasar Adar da madubin hangen nesa, mutanen Tamaske da Keita da Buza suna da nasu ilimin tsuntsaye. Manomi ya ga shamuwa ta sauka kan tsamiyar gari, ya san lokacin gyaran gona ya yi. Yaro ya ɗaga danƙo zai harbe ta, dattijo ya daka masa tsawa. Abin da ba mu yi ba shi ne rubutawa: wace rana ta iso bana, wace rana ta iso bara, sheƙa nawa ta yi.

Su ma Turawa sun daɗe cikin duhu. Shekaru aru-aru malamansu na gardama kan inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi, har wasu na cewa cikin taɓo suke kwanciya. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi doguwar tafiya da shi. Har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Danmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, don duk wanda ya tsinci ɗaya ya aiko da labari. Malamai 'yan'uwana, ku lura, mai riƙe da alli ne ya ƙirƙiro dabarar da masana ke aiki da ita har gobe.

Da zobban suka fara dawowa, sai ta bayyana cewa tsuntsu in ya ketare Sahara, ruwan farko da zai samu shi ne na tabkuna irin namu. Ke nan farin da ya ci mu ya ci su. A bazarar 1969 masu ƙidaya a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi cikin shekara guda. Da aka bi diddigi, sai aka tarar ƙarancin ruwan damina a Sahel ne sanadi. Tsuntsun ya kai labarin fari Turai tun kafin yunwar 1973 ta shiga jaridunsu.

Nan tarihin ya zo da abin mamaki. Fari ya cinye ciyawa da itatuwa, ƙasa ta zama fako, ruwan sama ya daina nutsewa, sai ya kwarara cikin kwari. Haka Dan Dutsi, kudu maso yammacin Tawa, ya tashi daga ɗan kududdufin da ke ƙafewa da rani ya zama babban tabki, bayan ruwan da aka tafka a watan Yulin 1974. Asarar tudu ta zama ribar kwari, amma ribar na da ƙaya, domin ruwan da ke cika tabki shi ne ke kwaso yashi da laka yana binne shi sannu a hankali. Aikin Keita, wanda aka soma a 1984, shekarar El-Buhari, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, yaƙi ne da wannan zaizayar: jera duwatsu, haƙa ramuka, gina madatsai, dasa miliyoyin itatuwa. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka, ana biyansu da abinci. Iyayen wasu ɗalibanmu ne, kakannin wasu.

Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya ta fara a 1967, ta Afirka kuma a 1991, ana yin ta tsakiyar Janairu. A shekarun 1990 masu bincike irin su Joost Brouwer da Wim Mullié, tare da ma'aikatan gandun daji na Nijar, suka bi tabkunan ƙasar suna ƙirgawa. Irin wannan lissafi ne ya ba tabkunan daraja a takarda. Yarjejeniyar kare wuraren dausayi an ƙulla ta a Ramsar ta Iran a 1971, Nijar ta shiga a 1987, sannan ranar 16 ga Satumba 2005 aka sa Tabalak da Dan Dutsi cikin jerin.

Kada mai karatu ya zaci gandu ne mai shinge da ɗan gadi. Tabalak na bakin hanyar Tawa zuwa Agadas, kimanin kilomita 50 daga Tawa, kuma kowa na da rabo a cikinsa: masunci da komarsa, mai lambu da injin ban-ruwansa, Buzu da raƙumansa, Bafulatani da shanunsa. A tsakaninsu kirinjijiya da dinya da zalɓe da balbela ke kiwo, sai agwagin Turai da ke isowa bayan damina su koma kafin zafi ya tsananta. A ganina wannan cakuɗuwar ba aibi ba ce, amma tana nufin sunan Ramsar kaɗai ba zai hana tabkin cikewa da yashi ba.

Makarantar da ke da tabki ko madatsa kusa ba ta buƙatar madubi mai tsada. Littafi guda ya isa, a ajiye a ofishin shugaban makaranta: ranar da shamuwar farko ta sauka, sheƙa nawa a kan kowace bishiya, inda bakin ruwa ya tsaya a Janairu, da sunan kowane tsuntsu kamar yadda kakar ɗalibi ta faɗa, da Hausa ko Tamashek.