Murjanin Kaka: Daga Bahar Rum Zuwa Kasuwar Malam Atta

Da bikin 'yata ya matso, sai na buɗe tsohuwar adakar mahaifiyata na ɗauko dutsen wuyan da ta bar mini. Murjani ne ja, ƙwaya 41, wanda ita ma ta gada daga kakata. Zarensa ya ruɓe, don haka na naɗe shi a ƙyalle na nufi kasuwar Malam Atta da ke New Town, kusa da unguwarmu ta Nima a birnin Accra, wanda mu 'yan zango muke kira Ankara. Akwai wata dattijuwa da ta tsufa a sana'ar duwatsun ado, ita nake so ta sake shirya mini shi.

Ta zuba ƙwayoyin a faranti, tana ɗauka ɗaya-ɗaya tana dubawa a hasken rana, tana ware wasu gefe. Da ta gama sai ta ce, "'Yata, 26 murjani ne. Sauran 15 ɗin kwalba ce."

Na ce, "Haba Hajiya, a gidanmu ba a san jabu ba."

Ta yi murmushi ta ce, "Kama da wane ba ta wane. Matso ki gani."

Ta nuna mini yadda ake ganewa. Murjani na asali yana da siraran layuka da suka bi jikinsa a tsaye, kuma da wuya a sami ƙwaya biyu masu kama ɗaya sak. Kwalba kuwa sumul take, a cikinta akan ga ƙananan ƙwayoyin iska, wani lokaci har da alamar inda aka haɗe ta wajen zubi. Na roba ba shi da nauyi, kuma allura mai zafi tana narka shi. Ta ɗiga lemun tsami a bakin hudar wata ƙwaya, ya yi 'yar kumfa, ta yi maza ta wanke da ruwa. Ta ce wannan gwajin ba a yawaita shi, don tsami cin murjani yake yi. Akwai kuma farin murjani mai araha da ake rinawa ya koma ja. Shi ma yana kumfa, amma in an goga masa auduga da ruwan goge jan farce, launin yakan biyo audugar.

Na koma gida raina a jagule. Sai na ga ashe ban san komai ba game da abin da nake shirin rataya wa 'yata, na shiga tambaya da karance-karance. Abin da na samo shi nake so in raba da ku.

Da farko dai, murjani ba dutse ba ne, ba kuma itace ba ne. Ƙashin wasu ƙananan halittu ne na teku da suke zama a dunƙule suna gina gidansu kamar rassan bishiya. Masana a Turai sun daɗe suna ɗaukarsa tsiro, sai a shekarun 1720 wani likita Bafaranshe mai suna Jean-André Peyssonnel ya nuna cewa dabba ce. A yau a Turai da Amurka akwai masu kiwon danginsa na ƙasashen zafi a akwatin gilashi cikin falo, da ruwan gishiri da fitila mai ƙarfi. Jan murjanin da iyayenmu suka sani daban yake. A Bahar Rum yake rayuwa, cikin kogunan dutse da zurfin da haske bai cika kaiwa ba, kuma kaurinsa ba ya ƙaruwa da ko milimita 1 a shekara. Ƙwaya guda mai kaurin ɗan yatsa ta ci shekaru masu yawa kafin a ciro ta.

Sunan kansa daga Larabci muka aro shi, kuma duk wanda ya karanta Suratur Rahman ya ci karo da shi. Gaɓar Aljeriya da Tunisiya na cikin wuraren da suka fi shahara da shi. Wajen 1560 'yan kasuwar Marseille suka kafa sansani kusa da garin da ake kira El Kala a yau, saboda murjani. Mutanen Genoa kuma suka riƙe tsibirin Tabarka har zuwa 1741. Daga baya garin Torre del Greco da ke kusa da Naples a Italiya ya zama cibiyar sassaƙa shi da huda shi, kuma har gobe shi ne.

Ta hanya biyu ya iso mana. Ta farko ita ce ta raƙuma, daga Tarabulus a bi Gadamus da Gat zuwa Kano. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, da ya shiga kasuwar Kano a 1824, ya lissafa murjani cikin kayan da ya gani a shimfiɗe. Ta biyu ita ce ta teku. Turawan Fotugal, waɗanda suka gina gidan Elmina a 1482, sun riƙa kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma. A masarautar Benin ya zama kayan sarauta, har ma da sojojin Ingila suka ci birnin a 1897 sun kwashe kayan murjanin Oba Ovonramwen, sai a 1938 aka mayar wa jikansa Akenzua na Biyu da wasu daga ciki.

Kakanninmu kuwa hanyar Gwanja suka biyo. Fatake sukan taso daga Kano da Katsina da kanwa da tufafi da fatu da duwatsun ado, su komo da goro daga Salaga. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, jama'a suka watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara. Nima kanta sai a farkon shekarun 1930 ta kafu a hannun Malam Amadu Futa. A duk wannan yawo, murjani shi ne dukiyar mace. Ba shi da nauyi, ba ya ruɓewa, tana iya ɗaura shi a ƙugu ta ƙetare kogi da shi. Kuma tun a wancan zamani jabu na biye da shi, domin masana'antun Venice da Bohemiya sun ƙware wajen zuba jar kwalba mai kama da shi don kasuwannin Afirka.

Saura tambaya guda: yaya aka yi kwalba ta shiga dutsen wuyan Kaka? Na tafi Mamobi wurin gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage a tsararsu. Na zuba mata ƙwayoyin a tabarma. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, "Ba wanda ya cuci Inna. Da hannunta ta sa su."

Ta ba ni labari. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarnin duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Zango ya rikice. Kaka ta cire ƙwaya 9 ta sayar, ta biya wa ƙaninta da iyalinsa kuɗin mota zuwa Najeriya. A 1983 kuma, shekarar fari da gobarar daji da yunwa, ga 'yan Ghana da aka koro daga Najeriya sun cika gari, ta cire 6 ta sayi masara. Duk wadda ta cire sai ta maye gurbinta da kwalba, don kada maƙwabta su gane gidan ya shiga wani hali. Gwaggo ta ce, "Da waɗancan shidan muka rayu, har da uwarki."

Na koma kasuwar Malam Atta. Dattijuwar ta tambaye ni ko ta zubar da kwalaben ta shirya na asalin kaɗai. Na ce a'a, ta mayar da kowace mazauninta. Tana shiryawa tana yi mini gargaɗi: kada a fesa masa turare, kada ya haɗu da sabulu ko man bilicin, a goge gumi da ƙyalle mai laushi bayan an cire, a ajiye shi daban da zinariya don kada ta karce shi, kuma a sauya zare kafin ya tsinke. Ta ce na asali sai ƙara wuya yake yi. Gaskiyarta ne, domin an yi masa ɗibar ƙarar mahaukaciya a Bahar Rum, har aka kafa dokar hana ciro wanda kaurin gindinsa bai kai milimita 7 ba.

Ranar da aka kai amarya na rataya mata shi, na nuna mata 26 ɗin, na nuna mata 15 ɗin, na gaya mata abin da aka saya da kowanne. Shawarata ga mai karatu ita ce, in akwai irin wannan dutse a adakar gidanku, ku kai wa masu ido su duba, sannan ku tambayi tsofaffinku labarinsa tun suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu.