Gwajin farko na maganin Imatinib

Gwajin farko na maganin Imatinib bincike ne na asibiti da aka fara a Amurka a watan Yunin 1998, lokacin da aka soma bai wa masu sankarar jini wata sabuwar ƙwaya da ake sha ta baki. A wancan lokaci ana kiran maganin da lambar STI571. An haɗa shi ne domin wani nau'in sankarar jini mai tafiya a hankali, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CML.

Asali

A shekarar 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka gano wani gajeren kuromosom a ƙwayoyin jinin masu wannan cuta, aka raɗa masa sunan birnin Filadelfiya inda aka yi binciken. A 1973 Janet Rowley ta nuna cewa kuromosom na 9 da na 22 ne ke musayar guntaye. Wannan musaya tana haifar da wani gurɓataccen furotin mai suna BCR-ABL, wanda ke sa ɓargo ya riƙa samar da fararen ƙwayoyin jini ba ƙaƙƙautawa. Masana a kamfanin Ciba-Geigy na ƙasar Suwizalan, ciki har da Nicholas Lydon, suka haɗa sinadarin da ke toshe aikin furotin ɗin. A 1996 kamfanin ya haɗe da Sandoz suka zama Novartis.

Kafin wannan magani, abin dogaron marasa lafiya shi ne allurar Interferon, wadda ke da wahalar jurewa, ko dashen ɓargo, wanda ba kowa ke samun mai ba shi ba.

Yadda aka gudanar da gwajin

Manufar matakin farko na gwajin kowane magani ita ce a san adadin da jikin mutum zai iya ɗauka da kuma illolinsa. Ana farawa da kaɗan a kan mutane ƙalilan, idan ba a ga matsala ba sai a ƙara wa rukuni na gaba. A fannin ciwon daji, waɗanda ke shiga yawanci marasa lafiya ne da sauran magunguna suka kasa yi musu aiki.

Brian Druker na Portland a jihar Oregon ne ya jagoranci gwajin, tare da Charles Sawyers a Los Angeles da Moshe Talpaz a Houston. Marasa lafiya 83 da Interferon bai yi musu amfani ba suka shiga. An raba su rukuni 14, aka fara da miligiram 25 a rana har aka kai 1,000.

Sakamako

Daga cikin mutum 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye, 53 ƙididdigar jininsu ta koma daidai, galibi cikin makonni huɗu na farko. Illolin da aka fi gani su ne tashin zuciya, ciwon jiki, kumburi da gudawa. Har aka kai adadi mafi girma ba a riski iyakar da jiki ya kasa jurewa ba, abin da ba a saba gani ba a magungunan daji.

Cutar da ta yi nisa

An kuma gwada maganin a kan mutum 58 da cutarsu ta yi tsanani, wato waɗanda CML ɗinsu ta kai matakin ƙarshe, da masu wata sankarar jini mai saurin yaɗuwa da ke ɗauke da kuromosom ɗin Filadelfiya. A wancan lokaci, mara lafiyar da ya kai wannan mataki kan rayu watanni kaɗan ne kawai. A rukunin mutum 38, 21 sun samu sauƙi, a ɗaya rukunin na mutum 20 kuma 14 suka samu. Sai dai cutar ta dawo wa da yawa daga cikinsu, musamman 'yan rukuni na biyu. A 2001 ɗakin binciken Sawyers ya nuna ɗaya daga cikin dalilan: furotin ɗin kan sauya siffa ta yadda maganin ba zai iya kama shi ba. Wannan ya share fagen samar da wasu magunguna irin su Dasatinib da Nilotinib.

Bayan gwajin

An wallafa sakamakon a watan Afrilun 2001, kuma a watan Mayu na shekarar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin. Ana sayar da shi da sunan Gleevec a Amurka, Glivec kuma a wasu ƙasashe. A 2002 aka amince da shi don wani ciwon daji na ciki da hanji mai suna GIST. Druker da Lydon da Sawyers sun karɓi lambar yabo ta Lasker a 2009, sannan a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Imatinib a jerin muhimman magungunanta.