Daga Dakon Kwal Zuwa Shan Iska: Tarihin Siraran Jiragen Ruwa na Ingila

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa karkarar Ingila da bazara zai ga wasu jiragen ruwa dogaye sirara, masu adon furanni, ɗauke da masu hutu, gudunsu bai wuce mil 4 a awa ba. Ruwan da suke bi ba koguna ba ne, hanyoyi ne da leburori suka haƙa da diga da shebur. A wannan maƙala za mu dubi yadda hanyoyin suka samu, da yadda suka kusa mutuwa, da rawar da alƙalami ya taka wajen ceto su.

Zamanin Dako

A shekarar 1761 aka buɗe hanyar ruwa ta Bridgewater, wadda injiniya James Brindley ya yi aikinta, domin kai kwal daga Worsley zuwa Manchester. Nan da nan kuɗin kwal ya faɗi da kimanin rabi. Ganin haka sai attajirai suka dukufa haƙa irinta. Inda ƙasa ta yi tudu, akan gina wani ɗaki mai ƙofofi biyu cikin hanyar. Jirgi ya shiga, a rufe, a cika ruwa ko a rage, sai ya hau ko ya sauka. Da yake faɗin ɗakunan a tsakiyar ƙasar kimanin ƙafa 7 ne, dole aka ƙera jiragen sirara, tsawonsu wajen ƙafa 70. Doki guda, yana tafe a gefen ruwa, kan ja kayan da ya haura tan 20.

Da aka buɗe layin dogo tsakanin Liverpool da Manchester a 1830, sai kasuwa ta fara juya baya. Lada ya ragu, har matuƙa da yawa suka bar gidajen haya suka kwaso iyalinsu zuwa ɗan ƙuƙumin ɗakin da ke bayan jirgi. A nan ake haihuwa, a nan ake girki, yara kuwa ba makaranta. Kukan da George Smith ya yi ta yi a kansu ya taimaka aka kafa dokokin 1877 da 1884.

Ceto Daga Alƙalami

Zuwan manyan motoci ya ƙara durƙusar da sana'ar, ciyawa ta cinye hanyoyi da dama. A bazarar 1939 wani injiniya marubuci, L.T.C. Rolt, ya zaga tsakiyar Ingila shi da matarsa cikin jirginsu mai suna Cressy. Labarin tafiyar ya fito a 1944 cikin littafinsa Narrow Boat. Robert Aickman ya karanta, ya rubuto masa wasiƙa, suka haɗu da wasu suka kafa ƙungiyar kare hanyoyin a 1946. Gwamnati ta karɓi yawancinsu a 1948, sanyin 1962 zuwa 1963 ya daskarar da ruwa ya kusa ƙarasa dakon kaya, amma masu aikin gayya suka ci gaba da yashe laka da gyaran ƙofofi. Dokar sufuri ta 1968 ta ware wasu hanyoyin domin yawon shaƙatawa. Tun 2012 gidauniyar Canal & River Trust ke kula da kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales.

Kammalawa

Masu iya magana kan ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Nawar da ta kashe sana'ar ita ce a yau ake biyan kuɗi a saya. Sai dai akwai abin lura gare mu ɗaliban adabi: littafin da ya ceci hanyoyin ya fi kallon kyan rayuwar matuƙa fiye da wahalarta. Hanya ta tsira, amma iyalan da suka rayu a kanta sun watse. Marubuci na iya raya abin da ya kusa ɓacewa, kuma abin da idonsa ya tsallake, shi ne na baya za su fi saurin mantawa.