Gidan Kawusan na Agadas: daga fadar yaƙi zuwa masaukin baƙi

Yau za mu yi arewa. In kun kama hanyar Tawa, kunka wuce Abalak, bayan wajen kilomita 400 daga Tawa sai ga ku Agadas. Tun daga nesa za ku hango hasumiyar babban masallaci, wadda tsawonta ya kai mita 27. Daura da ita akwai wani babban gida na ƙasa, ana ce mishi Otal na Ayar. Tarihin wanga gida za mu ba ku.

Can farko ba masaukin matafiya ba ne. Mazaunin Kawusan ne, wani jarumin Abzinawa na Ikazkazan, wanda ya kama ɗariƙar Sanusiyya ya ƙi mulkin Nasara. Cikin watan Disamba na 1916 ya iso Agadas da dakarunsa, da bindigogi, har da igwa wadda anka ƙwace ga Italiyawa can Libiya. Sarkin Abzin Tagama, wanda Faransawa ke zaton nasu ne, ashe da shi anka ƙulla. Ya buɗe mishi gari, sunka kewaye barikin soja, ba shiga ba fita, kusan kwana tamanin. A wanga gida Kawusan ya zauna, nan yake ganawa da manyan yaƙinsa.

Ran 3 ga Maris 1917 sojan Faransa sunka iso daga Damagaram sunka fasa kewayen. Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗi. An kashe mutanen gari da yawa, har da malamai waɗanda sunka fake cikin masallaci. Kawusan ya yi arewa, anka kashe shi a Murzuk ta ƙasar Libiya cikin 1919. Tagama kuma ya mutu gidan kaso a Damagaram cikin 1920.

To, ku dubi ikon Allah. Gidan da anka zauna ana shawarar korar Nasara, shi ne daga baya ya zama otal, kuma a da mafi yawan masu kwana cikinsa Nasara ne ƴan yawon buɗe ido. Babban zauren da Kawusan ke karɓar mutane ya koma ɗakin cin abinci. Wanda ya san gini ya ga zauren nan sai ya jinjina wa maginan da. Ginshiƙai ne manya na ƙasa, an ɗora musu baka, rufin ya yi sama ƙwarai, ba siminti ba ƙarfe, kuma ko da rani shina da sanyi. Mu da muke rushe sorayen iyayenmu muna sa kwano, muna kwana cikin zufa, ya kamata mu je mu gani. Bisa soron kuwa baƙi ke hawa da marece su zauna suna kallon hasumiya.

Kasuwar gidan ta ci sosai sa'ad da hanya ta buɗe. Tseren motocin Paris-Dakar ya fara ratsa Agadas cikin 1979, kuma wajen 1980 anka gama shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit saboda ma'adinin uraniyum. Da sanyi ya shigo sai baƙi su cika gari. Maƙeran azurfa, da dukawa, da direbobi, da masu raƙuma, kowa na samun rabonsa ƙofar otal ɗin.

Amma baƙo ba ya zuwa inda ba kwanciyar hankali. Tawayen da ya tashi cikin 1990 ya kore su, sai bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995 sunka fara komowa kaɗan-kaɗan. Tawaye na biyu, daga 2007 zuwa 2009, da satar Turawa da ta biyo baya, sunka sake tsinke hanyar. Ɗakunan da a da sai an yi kamu sunka koma jiran mai kwana ɗaya ko biyu, ya karya kumallo ya wuce.

Cikin 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya, da masallacin, da fadar sarki, da tsofaffin gidajen da ke kewaye da su. Gidan Kawusan na cikinsu.