Akushi, Gizago da Injin Juya Itace: Waiwaye Daga Nguru Zuwa Gashuwa

A zamanmu na ƙarshe wasu matasanmu sun nemi ƙungiya ta taimaka musu su koyi yin akushi da injin juya itace, irin wanda kafintoci ke gyara ƙafafun gado da shi. Wasu dattawa suka yi dariya, suka ce wa zai sayi akushi yau? Kafin mu yanke shawara, bari mu duba inda sana'ar ta fito.

A gidajen iyayenmu akushi ne kwanon maigida. A ciki ake zuba tuwon gero ko burabusko, a rufe da faifai, ya daɗe bai huce ba domin itace ba ya sakin zafi da wuri. Masassaƙi ne ke yin sa, shi da ke sassaƙa turmi da taɓarya da ƙotar fartanya. Yakan sami gungumen icen danya tun da ɗanyensa, ya tsaga biyu, ya fitar da bayan akushin da gatari, ya rarake cikin da gizago. Daga nan a shanya a inuwa, don in rana ta buge shi tsagewa zai yi. Baƙin da muke gani a jikinsa kuwa babbaka shi ake yi, a shafe da mai. In ya tsage ba a yarwa, ɗinke shi ake yi da waya. Da yawanmu mun ci tuwo a akushi mai ɗinki biyu ko uku.

Abin da ya fara girgiza masassaƙa shi ne jirgin ƙasa. A 1930 layin dogo daga Kano ya iso Nguru, ya tsaya nan. Jirgi na kwasar gyaɗa, ƙaro, fatu da busasshen nama zuwa kudu, yana dawowa da kayan kanti, ciki har da kwanukan langa masu fenti da fure. Gashuwa, wadda ta zama mazaunin Mai Bade a 1946 bayan an taso daga Gogaram, ita ma daga Nguru kayan ke isa kasuwarta. Langa ta shiga jeren amare, ana cika ɗaki da ita, akushi ya koma na tsofaffi. Daga baya silba ta zo, roba ta zo, kula ta zo.

Amma a ganinmu bugun da ya fi zafi daga daji ya zo. Farin 1973 da na 1984 sun kashe manyan itatuwa a arewacin yankin nan. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru. Ga masu saran icen girki da masu gawayi. Akushi babba sai gungume mai kauri, kuma danya ba ta yin wannan kaurin a shekara biyar ko goma.

To a nan ne maganar inji ta shigo. Juya itace a riƙa shafe shi da ƙarfe mai kaifi tsohuwar dabara ce. Akwai zanenta a wani kabari a Masar da ya haura shekara 2,000, kuma har yau a kasuwar Marakesh ta Maroko ana ganin masu juya itace da baka da igiya, suna dafe ƙarfen da yatsun ƙafa. Babu lantarki, babu janareta, abin da ya kamata mu da ke fama da rashin wuta mu lura da shi.

Labarin Ingila ya fi ɗaukar mana hankali. A ƙauyen Bucklebury akwai wani George Lailey da ke yin akushi da injin da ake takawa da ƙafa, igiya ta juya gungumen, wani sanda mai lanƙwasa ya mayar da ita. Ya rasu a 1958 ba tare da magaji ba, aka kai kayansa gidan tarihi a garin Reading. Sai bayan shekara 30 da wani abu wani mai suna Robin Wood ya je ya yi nazarin kayan, ya ƙera irinsu, ya koya wa kansa da wahala domin babu wanda zai tambaya. Dabarar Lailey ita ce ƙarfe mai ƙugiya da ke yanko cikin gungumen ɗungurungum, a sake fitar da ƙaramin akushi daga ciki, a kuma fitar da wani. Da gizago duk cikin nan ɓarɓashi yake zama, sai murhu.

Saboda haka muna goyon bayan matasan, amma da sharaɗi. Inji ba ya sanin wane ice ne mai ɗaci da zai ɓata miya, ko wane ne zai tsage in hunturu ya shigo. Masassaƙan da suka rage a kasuwannin Nguru da Gashuwa su suka san wannan, kuma yawancinsu sun manyanta. A fara zama wurinsu tukuna. Sannan ba za mu sa hannu a sare danya mai rai ba, sai wadda iska ta kayar ko aka samu izinin jami'an gandun daji, kuma duk wanda ƙungiya ta tallafa wa zai dasa itace a daminar bana. Duk wanda ke da tsohon akushi a gida, ko mai ɗinki ne, ya zo da shi zama na gaba domin yaran su auna kaurinsa.